Joey Dunlop, Sarkin Tseren Babur a Kan Titi

In aka tsai da ɗalibai goma a makarantar nan aka ce kowa ya faɗi sunan gwanin wasa na duniya, tara za su kira ɗan ƙwallon ƙafa, na goman kuwa ya ce Muhammad Ali. To, ni yau wani dabam na kawo muku, wanda na tabbata yawancinku ba ku taɓa jin ko sunansa ba. Sunansa na yanka William Joseph Dunlop, amma da Joey duniya ta san shi. Mutumin Ailan ta Arewa ne, sana'arsa tseren babur, ya kuwa mutu cikin shekarar 2000, tun ba a haifi ko ɗaya daga cikinmu ba. A ƙasarsu sarkin hanya suke ce masa, har yau kuma ba su sauke shi daga wannan sarauta ba.

Kafin in shiga tarihinsa, ya kamata in bayyana irin tseren da nake nufi, domin in ba a gane shi ba, ba za a gane mutumin ba. Tseren babur iri biyu ne. Akwai wanda ake yi a fili na musamman da aka gina don tsere kawai, inda aka bar sarari gefen hanya, aka zuba tsakuwa da tayoyi, don in mutum ya faɗi ya gangara ya tashi ya kaɗe rigarsa. Akwai kuma na kan titi, watau a rufe hanyar da jama'a ke bi kullum zuwa kasuwa da makaranta, a saki babura a kanta. A nan babu sarari. Gefen hanya katangar dutse ce, ko itace, ko turken wayar lantarki, ko ƙofar gidan wani. Wanda ya yi kuskure yana gudun mil 150 a sa'a guda, to, sai dai wani ikon Allah. Wannan na biyun shi ne na Joey.

Dalilin da ya sa wannan wasa ya yi saiwa a can shi ne doka. Tun farkon ƙarni na ashirin Ingila ta hana tsere a kan hanyoyin jama'a. Amma akwai wani ƙaramin tsibiri a tsakiyar teku, tsakanin Ingila da Ailan, ana kiransa Tsibirin Man, yana da majalisarsa ta kansa. Cikin 1904 majalisar nan ta yi dokar da ta yarda a rufe hanya don tsere, cikin 1907 kuma aka fara gasar babura da ake kira TT. Tun daga 1911 hanyar dutse ake bi, wadda tsawon zagayenta mil 37.73 ne, watau kimanin kilomita 60. Ta ratsa garuruwa da ƙauyuka da gonaki, ta hau dutsen Snaefell ta sauko, kwanonin da ke cikinta kuwa sun fi 200. Ba a sakin mahaya gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu, da tazarar daƙiƙa goma, agogo ne alƙali. Mutanen da suka mutu suna tsere ko gwaji a wannan hanya tun 1911 sun haura 260. Saboda haɗarinta ne manyan mahaya na duniya suka ƙaurace mata, har bayan 1976 aka cire ta daga jerin gasar cin kofin duniya. Ailan ta Arewa ita ma ta yi irin wannan doka cikin 1922, aka fara gasar Ulster Grand Prix a shekarar, sa'an nan North West 200 ta biyo baya cikin 1929.

An haifi Joey ran 25 ga Fabrairu, 1952, a karkarar Ballymoney, cikin lardin Antrim. Iyayensa ba masu hali ba ne. Ubansa bakanike ne, saboda haka tun yana yaro hannunsa ya saba da baƙin mai da sifana. Bai yi nisa a karatu ba. Da ya bar makaranta ya taɓa aikin gyaran manyan motoci, ya taɓa tuƙin babbar mota, ya kuma yi aikin rufin gini. Cikin 1969 ya sayi wani tsohon babur ƙirar Triumph Tiger Cub a kan fam 50, da shi ya fara shiga tsere. Ba a ce ya fito da wata bajinta nan da nan ba. Shekaru ya yi yana bin ƙananan gasanni na ƙauyuka, yana gyara babur ɗinsa da kansa da dare, kuɗin aikinsa na mako yana ƙarewa a taya da mai. Cikin 1972 ya yi aure, daga baya suka haifi 'ya'ya biyar.

A wani ƙauye da ake kira Armoy ya sami abokan tafiya. Su huɗu ne: shi, da ƙanensa Jim, da Frank Kennedy, da Mervyn Robinson wanda ke auren 'yar'uwar Joey. Mutane suka laƙaba musu Armoy Armada, watau rundunar jiragen yaƙin Armoy, ko da yake rundunar ba ta da komai sai tsofaffin babura da ƙarfin hali. Jama'ar ƙauyen kan yi karo-karo su taimake su. Can kuma sai wani mai kamfanin manyan motoci, John Rea, ya ga yaron nan yana da abin yi, ya ɗauki nauyin saya masa babura na kirki ƙirar Yamaha. Shi John Rea ɗin nan shi ne kakan Jonathan Rea, wanda ya ci kofin duniya na manyan babura sau shida a jere daga 2015 zuwa 2020. Kun ga abin a can gado ne, kamar yadda ƙira ko fawa ke bin gida.

Joey ya fara zuwa Tsibirin Man cikin 1976. Hanya mai kwana fiye da 200 ba a haddace ta rana ɗaya, shi kuwa bai san ta ba ko kaɗan. An ce yakan shiga mota da dare ya yi ta zagaya ta da hasken fitila, har ya san kowane rami da kowane tudu. Shekara guda kawai bayan haka, cikin 1977, aka shirya tsere na musamman don bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan gado. Sai ga wani saurayi mai dogon gashi, wanda 'yan jaridar Ingila ba su san da shi ba, ya zo na ɗaya. Nasararsa ta farko ke nan a TT.

Daɗin bai daɗe ba. A gasar North West 200 ta 1979, wadda ake yi tsakanin garuruwan Portstewart da Coleraine da Portrush, Joey ya ci nasararsa ta farko a wannan gasa, amma a ranar nan aka yi mummunan haɗari har sau da dama. Shahararren mahayi Tom Herron ya mutu. Frank Kennedy ya ji rauni mai tsanani, ya yi watanni a asibiti bai farfaɗo ba, ya cika. Da shekara ta zagayo, a wannan gasa dai, Mervyn Robinson ya faɗi ya mutu. Cikin shekara guda rundunar mutum huɗu ta koma mutum biyu, ɗaya daga cikin mamatan kuma mijin 'yar'uwarsa ne, amininsa wanda suka fara harkar tare. Joey ya yi niyyar ajiye babur gaba ɗaya. Ni a ganina da ya ajiye a lokacin, babu mai hankalin da zai zarge shi.

Bai ajiye ba. 'Yan makonni bayan jana'izar ya haye teku zuwa TT ta 1980, ya yi abin da har yau tsofaffin 'yan kallo ke ba da labari. Tseren zagaye shida ne, dole mahayi ya tsaya shan mai. Manyan kamfanoni suna da kayan zuba mai na zamani, shi kuwa ba shi da su. Sai ya yi dabara, ya ɗaura wa Yamaha ɗinsa wani ƙaton tanki, don ya rage yawan tsayawa. Ana cikin tsere maɗaurin tankin ya tsinke. Haka ya matse tankin da gwiwoyinsa, ya ci gaba da gudu, ya zo na ɗaya a gaban mahayan kamfanin Honda, har ya kafa sabon tarihin gudu na zagaye guda, mil 115 da 'yan kai a sa'a. Mutanen Honda suka ga wanda ya kā da su da kayan aro da dabara gara ya zama nasu. A shekarar suka ɗauke shi, ya kuwa zauna da su shekara 20, har ranar mutuwarsa. Honda ɗin nan dai ita ce wadda muke ganin baburanta a titunanmu, sai dai nasa da namu sunan ne kawai ɗaya.

Daga nan sai abin ya zama kamar ruwan sama. Ya ci kofin duniya na ajin da ake kira TT Formula One sau biyar a jere, daga 1982 zuwa 1986. A tsibirin kuwa ya ci tseren wannan aji shekara shida a jere, daga 1983 zuwa 1988. Ba zan tsaya ina jera muku kowace nasara ba, kada in gajiyar da ku. Jimla dai, ya ci TT sau 26, Ulster Grand Prix sau 24, North West 200 sau 13.

Amma akwai labarin 1985 da ba zan tsallake ba. Joey ba ya son hayaniyar babban jirgin fito, ya fi son ya bi jirgin masunta zuwa tsibirin. A watan Mayu na shekarar shi da ƙanensa Robert da wasu abokai suka loda babura a wani jirgin kamun kifi mai suna Tornamona, suka tashi da dare daga Strangford. Ba su yi nisa ba igiyar ruwa ta maka jirgin a kan duwatsu, ya fara nutsewa. Masu ceto daga Portaferry suka zo suka kwashe su duka, ba wanda ya rasa ransa, baburan kuwa suka tafi ƙarƙashin ruwa, sai daga baya masu nutso suka tsamo su. Wani da ya tsallake wannan sai ya koma gida ya kwanta ya huta. Shi kuwa ya nemi wata hanya ya isa tsibirin, ya ci tsere uku cikin mako guda. Cikin 1988 ya sake cin uku.

Yanzu bari in faɗi irin mutumin da yake, domin halinsa ne ya sa na zaɓe shi, fiye da kofunan. Mutum ne mai kunya, marar son magana. In 'yan jarida suka sa masa abin magana a baki, sai ya yi 'yan kalmomi da harshen ƙauyensu, wanda Turawan Ingila da kansu ke wahalar ganewa, ya sulale. Yana zakaran duniya amma in ka je wurin da mahaya ke ajiye kaya, sai ka tarar da shi a durƙushe ƙarƙashin babur, hannu baƙi ƙirin da mai, ga ƙwararrun makanikan kamfani a tsaye suna kallo. Shi ke tuƙa motar kayansa, sau da yawa a cikinta yake kwana. Hular kwanonsa ruwan ɗorawa ce kullum, lambarsa 3, yana kuma da camfin sa jar singileti a ƙarƙashin rigar fata. Daga nesa 'yan kallo na hango hular nan sai ihu ya tashi. A garinsu ya sayi wata mashaya kusa da tashar jirgin ƙasa, wadda aka sani da Joey's Bar, ya rataye baburansa a ciki. Masu kallonsa sun ce tuƙinsa ba shi da fizge-fizge, sumul yake bi ta kwana kamar ba sauri yake ba, sai an duba agogo a ga ya bar kowa a baya. In kuwa ana ruwa, hanya ta yi santsi, a nan ya fi kowa.

Sai an san halin da ƙasarsu ke ciki a zamaninsa za a gane wani abu game da farin jininsa. Daga 1969, shekarar da ya fara tsere, har zuwa yarjejeniyar sulhu ta 1998, Ailan ta Arewa tana cikin rikici. Ɓangare guda, yawancinsu 'yan Furotesta, suna son ci gaba da zama cikin Birtaniya. Ɗaya ɓangaren, yawancinsu 'yan Katolika, suna son haɗewa da Jamhuriyar Ailan. Mutum fiye da 3,500 suka hallaka. Rabuwar ta shiga unguwanni da makarantu, ta shiga har filin wasa. Akwai wasannin gargajiya na Ailan, irin ƙwallon ƙafarsu da ake haɗawa da hannu, da wani da ake kira hurling wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda mai faɗin kai. Ƙungiyar GAA da aka kafa cikin 1884 ke kula da su, kuma kusan duk masu yinsu a arewa 'yan Katolika ne. Har doka ƙungiyar ke da ita ta hana sojan Birtaniya da 'yan sandan lardin shiga cikinta, ba a soke ta ba sai 2001. Ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su Joey, irin su Dunloy da Loughgiel, gidajen hurling ne na gaske. A irin wannan ƙasa, wasan da mutum ke kallo ma ya isa a gane ɓangarensa. Joey ɗan Furotesta ne, amma ba a taɓa jin ya tsoma baki cikin rigimar ba. Yakan tsallaka iyaka ya yi tsere a kudu kamar yadda yake yi a arewa, a bakin hanya kuma ɗan Katolika da ɗan Furotesta kan jingina da shinge ɗaya suna jiran hula ruwan ɗorawa ta wuce. Ba na cewa babur ya sulhunta ƙasar, 'yan siyasa ne suka zauna suka yi wannan. Amma samun mutum guda da kowa ke cewa namu ne, a wancan zamani, ba ƙaramin abu ba ne.

Cikin 1989 ya gamu da babban haɗarinsa na farko, abin mamaki kuma ba a kan titi ba. A filin tsere na Brands Hatch da ke Ingila ne, lokacin Ista, ya yi karo da wani mahayi, ya karye a ƙafa da wasu wurare. Bai sami shiga TT ta shekarar ba. Yana da shekara 37, mutane da yawa suka ce ta ƙare masa. Ya yi jinya ya dawo. Manyan babura suna son ƙarfin jiki, saboda haka ya fi mai da hankali ga ƙanana, masu inji 125 da 250, inda gwaninta da sanin hanya suka fi ƙarfi amfani. Kafin shi, wanda ya fi kowa cin TT shi ne Mike Hailwood na Ingila, sau 14. Joey ya kamo shi cikin 1992, ya wuce shi cikin 1993. A shekarar ne majalisar Ballymoney ta ba shi lambar girma mafi daraja da gari ke ba ɗansa.

A cikin waɗannan shekaru ne ya fara wani aiki da bai so a sani ba. A ƙarshen 1989 mulkin Ceausescu ya faɗi a Romaniya, duniya ta ga abin da ke ɓoye a gidajen marayu na ƙasar: dubban yara a cunkushe, ba abinci isasshe, ba magani, ba abin rufa a lokacin sanyi. Mutane da yawa sun gani a talabijin sun yi juyayi sun wuce. Joey kuwa, da lokacin tsere ya ƙare, sai ya fitar da babura daga motar kayansa, ya bi gari yana tara abinci da tufafi da barguna da kayan jarirai, ya cika ta maƙil. Ya kama hanya shi kaɗai, ya ƙetare teku, ya ratsa ƙasashen Turai cikin hunturu da ƙanƙara, ba ya jin harshen kowa a hanya, har ya kai kayan ƙofar gidajen marayun da hannunsa. Bai tafi da mai ɗaukar hoto ba, bai kira 'yan jarida ba. Ya yi irin wannan tafiya ba sau ɗaya ba, ya kai har Albaniya da Bosniya, wadda yaƙi ya ɗaiɗaita daga 1992 zuwa 1995. Cikin 1986 Sarauniya ta ba shi lambar MBE saboda tsere. Cikin 1996 ta ba shi OBE, wadda ta fi ta farko daraja, saboda marayun nan. Ni dai ko da bai taɓa cin kofi ko ɗaya ba, wannan tafiya ta isa a rubuta tarihinsa.

Ga kuma tambayar da ta dame ni tun da na fara karanta labarinsa, ba zan ɓoye muku ita ba. Mutumin da ke da tausayin marayun wata ƙasa haka, yaya yake barin 'ya'yansa biyar a gida kowane mako ya tafi wasan da ya san yana mai da yara marayu? Ai ya gani da idonsa. Ya ga 'yar'uwarsa ta zama gwauruwa. Cikin 1994 ya ga ƙanensa Robert ya kusa mutuwa a TT, lokacin da ƙafar bayan babur ɗinsa ta tarwatse yana cikin gudu. Masu kare wasan suna cewa ba wanda aka tilasta wa, kowane mahayi baligi ne, ya san abin da ya taka, kuma mai hawan dutse da mai dambe su ma suna sai da rai. Masu suka kuwa suna cewa ai ba mahayin kaɗai ke biyan kuɗin ba, matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsa su ne ke biya har ƙarshen ransu, ba kuwa a shawarce su ba. Na auna maganganun biyu, na ga ta biyun ta fi nauyi. Da ni ɗansa ne, da na roƙe shi ya bari tun 1993, da ya wuce Hailwood, ba sauran abin da zai nuna wa kowa. Duk da haka in na kalli hoton tserensa a intanet, yadda yake shigewa tsakanin katangu biyu kamar zare a kafar allura, sai in ji tsigar jikina ta tashi, in kasa ɗauke ido. Ina jin dubban da ke tsayawa a bakin hanya su ma haka suke, zuciyarsu biyu.

Cikin 1998 ya sake faɗuwa, a gasar Tandragee, ya karye a ƙugu da ƙashin wuya, ya rasa wani sashe na yatsarsa. 'Yan makonni bayan haka ya hau babur mai inji 250 a TT, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya zo na ɗaya. Cikin 1999 kuma a Ulster Grand Prix ya kā da David Jefferies, wani ƙaƙƙarfan saurayi na Ingila wanda ya girme wa da shekara 20, wanda kuma a lokacin ba mai iya tsayawa gabansa.

Sai shekarar 2000. Joey yana da shekara 48, gashinsa ya yi furfura. Rabonsa da cin tseren Formula One a tsibirin tun 1988, shekara 12 ke nan. Honda ta kawo masa sabon babur mai inji 1000, ƙirar VTR SP-1. Da farko babur ɗin ya ƙi masa daɗi a gwaji, aka yi ta gyare-gyare har daren tsere. Da gari ya waye hanya da ɗan damshi, irin yanayin da yake so. Suka yi ta kai-komo da Jefferies, daƙiƙa kaɗan ke tsakaninsu, har babur ɗin Jefferies ya lalace ya tsaya. Joey ya shigo na ɗaya. Waɗanda suka halarta sun ce manyan mutane sun yi ta kuka a bakin hanya. Cikin makon nan ya ƙara da na 250 da na 125, watau uku ke nan a mako guda karo na uku a rayuwarsa, nasarorinsa suka cika 26.

Wanda ya yi wannan, a ce ya zauna gida a yi ta zuwa gaishe shi. Amma bayan 'yan makonni sai ya loda babura a motarsa, ya tuƙa har Istoniya, can gabashin Turai a bakin tekun Baltik. Wata ƙaramar gasa ce ake yi a bayan birnin Talin, a hanyar da ta ratsa cikin kurmi, ba kuɗin kirki a cikinta, ba kuma suna. Ya saba zuwa irin waɗannan wurare don yana jin daɗin tsere inda ba a dame shi. Ya ci tseren 600, ya ci na 750. Ran 2 ga Yuli, 2000, aka shiga na 125 ana ruwa. Shi ke gaba, sai babur ya kuɓuce masa a wata kwana, ya bar hanya ya bugi itatuwa. Nan take ya mutu.

Da aka kawo gawarsa gida, aka yi jana'iza a wata ƙaramar majami'a ta karkara a Garryduff, kusa da Ballymoney. An ƙiyasta mutum 50,000 suka halarta, daga kudu da arewacin Ailan, da Ingila, da ƙasashe masu nisa, har aka nuna ta kai tsaye a talabijin. Hanyoyin ƙauyen suka cika da babura, mutane suka tsaya cikin gonaki don ba wuri. An gina masa mutum-mutumi a wani lambu a Ballymoney, yana zaune a kan Honda ɗinsa, an kafa irinsa kuma a kan dutsen Snaefell yana kallon hanyar tsere. Wata kwana da ke mil na 26 a hanyar an sa mata sunansa, don ta dace da yawan nasarorinsa. An kuma kafa wata gidauniya da sunansa, wadda ta tanadi masauki a tsibirin domin naƙasassu masu zuwa ziyara.

Gidan Dunlop bai bar babur ba bayansa, babur kuma bai bar su ba. Robert, wanda ya ci TT sau biyar, ya mutu ran 15 ga Mayu, 2008, yana gwaji a North West 200, 'ya'yansa biyu William da Michael suna cikin masu gwajin a ranar. Bayan kwana biyu, tun ba a binne uban ba, Michael ya hau babur ya shiga tseren 250 ɗin da uban ya yi niyyar shiga, ya zo na ɗaya, ya sauka yana kuka. Cikin 2014 aka yi fim a kan gidan mai suna Road, wanda Liam Neeson ya ba da labarinsa. Shekara huɗu bayan fitowar fim ɗin, a watan Yuli na 2018, William shi ma ya mutu yana gwaji a gasar Skerries, kusa da Dublin. Tarihin Joey na nasara 26 ya tsaya shekara 24 ba wanda ya taɓa shi. John McGuinness na Ingila ya matso har 23 ya tsaya. A watan Yuni na 2024 aka sami wanda ya kamo shi ya wuce, shi ne Michael, ɗan ƙanensa, wanda cikin 2025 nasarorinsa a tsibirin suka haura 30.